Zuwa ga masu tono rayuwar malamai daga takardun gado

'Yan'uwana marubuta tarihi,

Na san daɗin da mutum kan ji ranar da ya ci karo da wasiyyar malamin da ya daɗe yana bin sawunsa. Ga sunaye, ga kuɗi, ga kaya a jere, har zuciya ta ce an gama aiki. Roƙona shi ne ku riƙe wannan murnar tukuna, ku duba abin da takardar ta ƙi faɗa. Zan kafa hujja da wasiyyar Petrarka, malamin Italiya da ake kira uban masu farfaɗo da adabin tsoffin Rumawa.

Ya rubuta ta a Paduwa ranar 4 ga Afrilu 1370, yana da shekara 65, yana shirin tafiya Roma wurin Paparoma Urban na biyar. Bai ma kai ba, ciwo ya kwantar da shi a Ferrara. A cikinta ya bar wa sarkin Paduwa, Francesco da Carrara, zanen Maryama na hannun Jotto. Molonsa ya ba Tommaso Bombasi, da sharaɗin ya riƙa kaɗa shi don yabon Ubangiji. Amininsa Bokkaco kuwa ya ware masa fulorin 50 na zinariya don ya sayi rigar sanyi ta karatun dare, har yana cewa yana jin kunyar barin ɗan wannan ga babban mutum irinsa.

Duk sanda na karanta wurin nan sai na dakata. Ina ganin tsoho Bokkaco a garin Certaldo, ya duƙufa kan littafi cikin hunturu, yatsunsa sun ƙage, ga kuma aboki a nesa da ya san sanyin ɗakin har ya sa shi cikin wasiyya. Irin wannan layi shi ne ribar sana'armu, kuma ban hana ku jin daɗinsa ba.

To amma ina littattafan? Mutumin da ya tara ɗaya daga cikin manyan taskokin littattafai na zamaninsa, wanda ya tono wasiƙun Cicero a Verona a 1345, bai faɗi makomar taskar ba, sai wani littafin addu'o'i da ya bar wa wani limami. Dalilin yana wata takardar dabam. A 1362 ya yi yarjejeniya da hukumar Venis: su ba shi gida, shi kuma ya bar musu littattafansa. Daga baya ya bar birnin, kuma littattafan ba su zama mallakar Venis ba. Da yawa sun shiga hannun gidan Carrara, Gian Galeazzo Visconti ya kwashe su ganima zuwa Pavia a 1388, sannan sarkin Faransa Louis na 12 ya ɗebe su a 1499. Yau wani kaso yana Paris. Mu da muka ga yadda littattafan malami kan watse bayan sadakar arba'in ba za mu yi mamaki ba.

Shiru na biyu ya fi taɓa ni. Petrarka yana da 'ya, Francesca, wadda aka haifa ba da aure ba, shi kuwa yana riƙe da ƙaramin muƙamin coci. Babu sunanta a wasiyyar ko sau ɗaya. Mijinta, Francescuolo da Brossano, shi aka naɗa magaji, aka umarce shi ya raba kuɗin gida biyu, ya miƙa rabi ga wanda ya san mamacin yana nufi. Mai gaggawa zai rubuta cewa uban ya yi watsi da 'yarsa, alhali tare suka zauna a Arkwa, da ita da mijinta, har rasuwarsa. Mai yiwuwa kara da tsoron doka ne suka ɓoye sunan. Saboda haka kafin ku yanke hukunci, ku san dokar gadon garin, ku san kuma idon wa marubucin yake gudu.

Ku kula da kwanan wata: ya rasu a Yuli 1374, shekara huɗu bayan rubutun, kuma dukiya ba ta tsaya jiransa ba. Kada kuma ku mai da fulorin da makamantansa zuwa kuɗin yau. Ku nemo abin da suke saya a lokacin.

Sannan ku fita daga ɗakin takardun kotu ku buɗe littattafan mutumin. A ɗakin karatu na Ambrosiana a Milan akwai kwafinsa na waƙoƙin Virgil. A fallayen farko ya rubuta da hannunsa rasuwar Laura, wadda yake wa waƙoƙin soyayya, a 1348, da ta ɗansa Giovanni, wanda annoba ta ɗauke a 1361, shekara tara kafin a rubuta wasiyyar da ba ta ambace shi ba.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a wannan aiki.