Ba Kowane Batir Ne Jabu Ba, Lissafi Ne Ba a Yi



Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, janareto ya koma kayan ado a gidaje da dama, sola kuma ta shigo mana gadan-gadan. Daga Yasore zuwa Batsari har Safana, da wuya ka ratsa gari ba ka ga faranti a kan kwano ko jingine da katanga ba. Madalla da hakan. Amma akwai kukan da muke ji kullum a majalisa: "Batirin nan jabu ne, ko shekara bai yi ba ya mutu." Jabu kam akwai shi a kasuwa, ba mu musa ba. Sai dai a ganinmu batura da yawa kashe su ake yi, saboda wani ɗan lissafi da ke cikin darasin Fiziks na sakandare, wanda ake haddacewa da Turanci don WAEC da NECO, a kuma baro shi a ɗakin jarrabawa.

Mu ɗauki tankin ruwan burtsatse. Ƙarfin da ke turo ruwan shi ne bolt. Yawan ruwan da ke bi ta bututu shi ne amfiya. Idan ka ninka bolt da amfiya sai ka samu wat, wato yawan wutar da abu ke ci. Batirin da aka rubuta masa 12V da 100Ah yana ɗauke da abin da zai ba da wat 1,200 na awa ɗaya. To amma irin batirin dalma da yawancinmu ke saye ba ya son a zuƙe fiye da rabinsa. Ke nan 600 gare ka, ba 1,200 ba.

Yanzu ka ƙirga kayan ɗakinka: fanka mai cin wat 60, talabijin mai 50, ƙwayayen fitila uku masu goma-goma. Jimla 140. Raba 600 da 140, awa huɗu da 'yan mintuna. Wanda ya kunna su da magariba ya bar su har asuba, kullum yana tatsar batirinsa har ƙasa, kuma kowace tatsa tana rage masa kwana. Idan uwargida ta jona dutsen guga mai wat 1,000, rabin nan da muke magana ba zai kai minti arba'in ba. Faranti mai wat 200 kuwa, a awa biyar na rana mai kyau, abin da zai tara bai wuce 1,000 ba, kafin a cire asarar waya da ƙurar hunturu da ba a gogewa.

Asarar kuɗi ma da sauƙi. Inda abin ya fi ba mu tsoro shi ne waya. Dutsen gugar nan, a wutar gida mai bolt 230, amfiya huɗu da ɗoriya yake ja. Amma tsakanin batir mai bolt 12 da inbata, sama da amfiya 80 yake ja. Shi ya sa wayar wurin dole ta zama mai kauri kuma gajeriya. Zafin da waya ke yi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wutar da ke bi ta cikinta: idan wutar ta ninka biyu, zafin ninki huɗu yake yi, ta ninka uku, ya ninka tara. Ga soket ɗaya ɗauke da hita da fanka da cazar wayoyi goma, ga katifa a gefe, ga rufin kara. Fis kuma, wanda aka yi shi domin ya ƙone kafin gida ya ƙone, idan ya tsinke sai a naɗa masa wayar tagulla a ce an gyara.

Wannan ninki huɗun yana nan har a kan hanya. Babur da ke gudun kilomita 60 a awa yana ɗauke da ƙarfin tafiya ninki huɗu na mai gudun 30, don haka tazarar da yake bukata bayan an taka birki ita ma kusan ninki huɗu ce. Ka ƙara masa buhu biyu na masara da fasinja ranar kasuwar Batsari, birkin dai shi ne na jiya. Mun san halin da ake ciki a hanyoyinmu, ba kowane gudu ne na ganganci ba, wani tsoron yamma ta yi masa a daji ne. Duk da haka yashi da kwana ba sa tambayar dalilin gudu.

Wani zai ce ai wannan aikin masu haɗa sola ne. Da yawansu sun iya hannu, wasu ma sun fi mai takarda. Amma mai haɗawa rana ɗaya yake yi a gidanka, kai ne za ka sayo firij bayan wata biyu ka jona ba tare da ka kira shi ba. Mai shago kuwa abin da kuɗinka ya kai zai ba ka.

Don haka muke ganin bayanin nan ya kamata ya fito da Hausa, a bakin malaman Fiziks na makarantunmu, a shirye-shiryen rediyo, da alƙaluman ƙungiyoyin marubuta. Shafi ɗaya da aka manna a shagon cajin waya ko wurin masu gyaran babur zai yi aiki. Matasanmu da suka yi difloma a fannin lantarki suna nan a kusan kowace gunduma, a nemi su duba rubutun kafin a buga.

Kafin nan, ka juya bayan kowane kayan wuta da ke gidanka, akwai lamba da harafin W a gefenta. Rubuta su, ka tara, ka ninka da awannin da kake kunna su, ka riƙe takardar ranar da za ka je sayen batir.