Koma Mai Manyan Idanu: Matsalar 0.05 a Binciken Halayyar Ɗan Adam

Duk ɗalibin da ya taɓa raba takardun tambayoyi domin rubuta kundin digiri ya san lambar nan 0.05. Idan lissafinsa ya faɗo ƙasa da ita sai ya yi murna, ya rubuta cewa ya gano bambanci. Idan kuwa ya haura ta, sai ya rubuta cewa babu bambanci, ya rufe babi. Wannan hukunci na biyu shi ne abin dubawa, domin kuwa sau da yawa ba shi da madafa.

Daga Ingila lambar ta samo asali. Ronald Fisher, masanin ƙididdiga a tashar binciken aikin gona ta Rothamsted, shi ya yaɗa ta cikin littafinsa na 1925. Mai bincike zai fara ɗauka cewa babu bambanci tsakanin rukuni biyu, sa'an nan ya tambaya: in haka ne, sau nawa katari kaɗai zai haifar da tazara irin wadda aka gani, ko wadda ta fi ta? In bai kai sau 5 cikin 100 ba, sai ya yi watsi da zaton farko. Iyakar abin da lambar ke faɗa ke nan. Ba ta ce komai game da girman bambancin ba.

A 1933 Jerzy Neyman da Egon Pearson suka nuna cewa kuskuren iri biyu ne, kamar na alƙali: ko ya ɗaure marar laifi, ko ya saki mai laifi. Lambar 0.05 tana tsare mutum daga na farko kurum, watau ganin bambanci inda babu shi. Abin da ke tsare shi daga na biyu shi ake kira ƙarfin gwaji, ma'ana yiwuwar bincike ya kama bambancin da yake akwai da gaske. Masuncin da ya jefa koma mai manyan idanu ya janyo ta wayam ba shi da hujjar cewa kogi babu kifi.

Jacob Cohen na Jami'ar New York ya auna idanun komar a 1962. Ya bi maƙalu 70 na wata babbar mujallar ilimin halayyar ɗan Adam ta Amurka, ya tarar ƙarfinsu na kama matsakaicin bambanci kashi 48 ne cikin 100, na ƙaramin bambanci kuwa kashi 18. Ashe manyan malamai, da duk kayan aikinsu, bincikensu bai fi jefa kwabo sama ba. Daga baya ya ba da shawarar a riƙa neman kashi 80.

Alal misali, a ce ɗalibi yana gwada hanyoyi biyu na koyar da karatu, ya sa yara 20 a kowane rukuni. Ko da ɗaya hanyar ta fi ɗaya da matsakaicin fifiko, sau ɗaya cikin uku kawai gwajin zai nuna haka. Kafin ya kai kashi 80 sai ya sami yara 64 a kowane ɓangare. Amma kundin zai shiga laburare ɗauke da cewa hanyoyin duk ɗaya ne, na baya su yi ta kafa hujja da shi, alhali yaran da za su amfana da hanya mafi kyau su ne suka yi asara.

Har ila yau, ƙaramin binciken da ya yi sa'ar tsallake 0.05 yakan kambama girman abin da ya gano, kuma irinsa mujallu suka fi son bugawa, sauran su ruɓe a aljihun tebur. An ga sakamakon wannan a 2015, sa'ad da wata ƙungiyar masana ta wallafa a mujallar Science rahoton maimaita bincike 100 na wannan fanni. Guda 97 sun tsallake lambar a karon farko, amma da aka maimaita kashi 36 cikin 100 kaɗai suka sake tsallakewa, girman tasirin kuma ya ragu da kimanin rabi. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Wani zai ce ɗalibi ba shi da kuɗin mota, balle lokacin bin yara 128. Gaskiya ne, ba kuma laifinsa ba ne. Sai dai rashin kuɗi bai hana shi rubuta cewa adadin da ya samu bai isa yanke hukunci ba, tare da bayyana girman tazarar da ya gani. Nauyin ya fi hawa kan malamai masu duba aiki. Tun ranar da aka kawo musu tsarin bincike ya kamata su tambayi mutum nawa za a gwada da dalilin zaɓen adadin, in ya yi kaɗan su haɗa ɗalibai uku ko huɗu a kan tambaya guda, kowa ya ɗauki makarantarsa.