Da tsohuwar zuma ake magani: jinyar kwamfutar gwanjo a Ingal

Filin na yau ya nufi arewa, ya sauka Ingal, garin dabino, mai tazarar kilomita wajen 160 yamma da Agadas. Tun da garin ya zama gunduma a shekarar 2011, aikin takarda ya ƙaru, kuma kwamfuta, wadda ma'aikata suka fi sani da ordinatar, ta samu wurin zama a ofis, da lakwal, da shagon mai buga takardu. Da yawa cikin waɗannan na'urori ba sababbi ba ne. Gwanjo ne: sun gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, suka hau jirgin ruwa, suka bi ta kasuwannin Legas, ko Kano, ko Yamai, kafin su iso arewa a bayan mota. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin tambaya shi ne yadda zai yi ranar da ta fara zuba.

A ɗauki misalin mai shagon buga takardu, wanda a cikin na'urarsa akwai lissafin bashin da yake bi, da wasiƙun jama'a, da jerin sunayen ƴan makaranta da wani malami ya ba shi ajiya. Wata safiya ya danna maɓalli, na'ura ta yi shiru. Idan ya ɗauke ta zuwa Agadas, zai biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ya rufe shago, ya biya mai gyara, wataƙila kuma a sayar masa da abin da ba ya bukata. Saboda haka a gari irin Ingal, mai na'ura shi ne likitanta na farko. Dokar wannan likitanci kuwa guda ce: a gano ciwo kafin a sayi magani, kuma a fara da bincike mai araha kafin a kai ga mai tsada.

Abu na farko shi ne wuta. A Nijar ƙarfin wutar gida bolt 220 ne, a Amurka kuwa wajen 120. Tsofaffin na'urori da yawa suna da wani ɗan jan maɓalli a baya, kusa da inda wayar wuta ke shiga, da rubutun 115 a gefe guda, 230 a ɗaya gefen. Wadda ta fito daga Amurka takan zo a kan 115, kuma wanda ya jona ta haka, ƙara ɗaya zai ji da warin ƙuna, akwatin wutar ya tafi ke nan. Dubawar ba ta cin ko dala. Bayan haka, a gwada wata waya da wata kafar wuta kafin a yanke hukuncin mutuwa, domin waya mai tsinkewa ta ciki ta sha sa a zargi na'ura mai lafiya. Wanda ke aiki da gurup ko da wutar rana, regilatar ta wajaba gare shi, in da hali ma ondilar, wadda ke riƙe wuta ƴan mintoci har ya adana aikinsa ya kashe na'urar cikin natsuwa.

Na biyu shi ne ƙura da zafi, waɗanda a Ingal ba baƙi ba ne. Masu ƙera na'urorin ofis sukan rubuta cewa a yi aiki da su tsakanin digiri 10 zuwa 35, alhali kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafin wannan yanki yakan haura 40. Idan na'ura ta tashi lafiya, fankarta ta yi ta gurnani, sannan bayan ɗan lokaci ta mutu da kanta, to ba lalacewa ta yi ba, gudun ƙonewa ta yi. Sai a cire wayar wuta, a danna maɓallin kunnawa don sauran wutar da ke ciki ta fita, a buɗe murfi, a taɓa ƙarfen jikin akwatin kafin a taɓa komi, saboda a busasshiyar iska irin ta hunturu jikin mutum kan tara wata ƴar wuta da ke kashe ƙananan kayan ciki. A share da buroshin fenti mai taushi, a hura da famfon keke, a riƙe fanka da yatsa kada iskar ta juya ta. Ban da ruwa, ban da hurawa da baki. Tsakanin ƙwaƙwalwar na'ura da ƙarfen da ke shanye zafinta akwai wani farin man shafawa, wanda shekaru ke busarwa kamar yumɓu. A goge tsohon, a ɗiga sabo daidai ƙwayar wake. Daga nan a ɗora na'urar bisa tebur, a raba ta da ƙasa, a lulluɓe ta da zane in an kashe, kada a lulluɓe ta tana aiki.

Na uku ƙaramin abu ne mai yawan sa asara. Idan kullum na'ura ta tashi da kwanan wata na shekarun baya, ko ta tsaya tana neman a danna F1, ciwon yana ga wani ɗan batir mai kama da ƙwandala da ke manne a babban allon ciki. Lambarsa CR2032, ƙarfinsa bolt 3, irinsa ne ake sa wa wasu ƙananan ma'aunai da makullan mota. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma rashinsa na sa takardar ofis ta fita da kwanan wata na ƙarya, kuma shafukan intanet da yawa su ƙi buɗewa.

Na huɗu, idan fanka na juyawa, allo ya yi baƙi, na'ura kuma tana ƙyas-ƙyas kamar ɗan tsako, sau da yawa sandar ƙwaƙwalwar aiki ce, wadda masu gyara ke kira baret, ta goce daga gurbinta saboda jijjigar hanya, ko ƙura ta shiga tsakani. A buɗe ƴan maƙallan gefe, a zaro ta, a goge haƙoranta masu ruwan zinariya da magogin fensir, a maida ta har ta ce ƙas. In guda biyu ne, a gwada su ɗaya bayan ɗaya, mai ciwon za ta bayyana kanta.

Ciwo guda ne ba ya jiran gobe, shi ne na faifan ajiya. Tsohon faifai farantai ne masu juyawa sau 5400 ko 7200 a minti, da wata allura mai shawagi a kansu. Ranar da ya fara ƙwas-ƙwas, ko takardu suka fara ƙin buɗewa, a bar duk wani gyara, a kwashe abin da ke ciki zuwa kile ko wani faifai. Akwatin ƙarfe ana sayen wani a kasuwa, littafin bashin shekara biyar kuwa babu kasuwarsa. Ma'aikaci mai hankali yakan ajiye kofi biyu, ɗaya a ofis, ɗaya a wani wuri dabam.

Idan na'ura ta warke, sai maganar ƙara mata ƙarfi, kuma nan ne kuɗi suka fi salwanta. Abin da ya fi canza tsohuwar na'ura shi ne sabon ma'ajin da ake kira SSD, wanda ba shi da abin da ke juyawa, don haka bai damu da jijjiga ba, kuma ba ya cin wuta da yawa. Yana shiga wayar SATA ɗin da tsohon faifai ke ciki, kuma mai jiga 120 ko 240 ya ishi aikin rubutu da lissafi. Na'urar da kan ɗauki mintoci kafin ta tashi, da shi takan tashi kafin a zuba shayin farko. Bayansa sai baret: daga jiga 2 zuwa 4, ko 8 in allon zai ɗauka. Amma a tafi kasuwa da tsohuwar a aljihu, domin DDR2 da DDR3 tsawonsu ɗaya, haƙoransu 240 kowacce, tsagar da ke tsakaninsu ce ta bambanta, ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya. A kuma sani cewa manhaja mai bit 32 ba ta iya amfani da abin da ya wuce jiga 4, komi yawan da aka zuba mata. Katin hoto mai tsada da akwati mai fitilu ado ne, ba su ƙara wa takarda ko layi guda.

Saura manhaja. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows XP a watan Afrilu na 2014, da Windows 7 a Janairun 2020, sannan ya rufe tallafin gama-gari na Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuwa tana neman ƙwaƙwalwar da aka ƙera daga wajen 2017 zuwa sama, abin da ya bar yawancin gwanjo a bakin ƙofa. Wannan ba ya nufin a zubar da su. Akwai Linux Mint da LibreOffice, kyauta ne, suna aiki da Faransanci, suna buɗe takardun Word da Excel, kuma ba su da nauyi. Sai dai a gwada su da injin buga takarda na shago kafin a goge tsohuwar manhaja. Wanda ya zaɓi zama da tsohuwar Windows, ya raba ta da intanet, ya kuma yi hattara da kile na baƙi, domin ta nan cuta ta fi shiga shagunan buga takardu.

Likita na ƙwarai kuma ya san lokacin da ake naɗe hannu. Idan ƴan gwangwanayen da ke tsaye a babban allo sun kumbura ko suna tsiyayar tsatsa, ciwon da ya addabi na'urori masu yawa na farkon shekarun 2000, ko kuwa kuɗin gyara ya doshi rabin kuɗin wata mai lafiya, sai a cire faifai da baret a ajiye, a haƙura da sauran. Kada a ƙona su a bola, hayaƙinsu guba ne. Tun 1991 ƙasashen Afirka suka amince da yarjejeniyar Bamako don hana shigo musu da shara mai haɗari, kuma ɗan kasuwar da ya sayi na'ura ba tare da an kunna ta a gabansa ba, yana iya biyan kuɗin mota don ya kawo wa garinsu sharar wasu.

A watan Satumba ne Ingal ke cika da makiyaya, da fatake, da manyan baƙi saboda bikin lasar gishiri, kuma a lokacin ne takardun gayyata, da jerin sunaye, da rasit ke yin yawa. Mai shago da sakataren ofis su buɗe na'urarsu tun kafin damina, su share, su canza batir, su kwashe ajiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai sati mai zuwa, in Allah ya yarda.