Lalibela Ta Samu Masu Rubuta Ta, 'Yandoto Fa?



A arewacin ƙasar Habasha, cikin yankin Amhara, akwai wani gari a kan tsauni da ake kira Lalibela, wanda tudunsa ya kai kimanin mita 2,500 daga gaɓar teku. Baƙo zai iya shiga garin bai hango abin da ya kawo shi ba, domin majami'u 11 da suka ɗaukaka sunan garin ba tayar da su aka yi sama ba, cikin dutse aka sassaƙa su zuwa ƙasa. Masassaƙan sukan haƙa rami mai zurfi su kewaye wani ƙaton curin dutse, sannan su bi curin suna fafe shi, su fitar da ƙofofi da tagogi da ginshiƙai, duk a jikin dutse guda. Babu tubali, babu laka, kuma inda guduma ta ɓare ba ya komawa. Wadda ta fi shahara, Bete Giyorgis, siffar gicciye gare ta, rufinta daidai yake da ƙasar da mutum ke tsaye a kai, gindinta kuwa yana can ƙasa wajen mita 12.

Ana jingina aikin ga Sarki Lalibela na gidan sarautar Zagwe, wanda ya yi mulki a ƙarshen ƙarni na 12 zuwa farkon na 13. A da sunan garin Roha. Mutanen wurin suna cewa sarkin ya so ya gina wa jama'arsa sabuwar Ƙudus ne, shi ya sa har rafin da ya ratsa tsakanin majami'un suke kira Yordanos, wato Kogin Urdun. A 1978 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin jerin farko na kayan tarihin duniya. Har yau kuma ana ibada a ciki. Duk ranar 7 ga Janairu, lokacin bikin Kirsimetinsu da suke kira Genna, dubban masu ziyara kan cika garin sanye da fararen mayafai na auduga, wasunsu sun yi kwanaki suna tafiya a ƙasa.

Wani zai ce, to mu da muke Ƙetare da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ina ruwanmu da cocin Habashawa? Ruwanmu shi ne wannan tambayar: ta yaya labarin wani gari a ƙuryar tsaunukan Habasha ya iso wayoyinmu, alhali da yawanmu ba za su iya rubuta shafi biyu a kan tsohon garin da ke maƙwabtaka da su ba? Ra'ayina shi ne ba girman dutse kaɗai ya fitar da Lalibela ba. Ta samu masu zuwa, ta kuma samu masu rubutawa. Malaman cocin Habasha sun rubuta tarihin sarkin da harshen Ge'ez. Wani limamin Kirista ɗan ƙasar Fotugal, Francisco Alvares, ya je garin a shekarun 1520, ya bayyana majami'un ɗaya bayan ɗaya a littafin da aka buga a 1540, har ya nuna fargabar kada mutanen ƙasarsu su ƙaryata shi. Kowane rubutu ya jawo wani matafiyi, kowane matafiyi ya koma ya ƙara nasa.

Yanzu mu dawo gida. A ƙasar Tsafe, wadda ta yi iyaka da Faskari da Ƙanƙara, nan 'Yandoto take. Kafin jihadi tana cikin manyan garuruwan ilimi na ƙasar Hausa, almajirai na zuwa daga nesa su ɗauki karatu. Labarin baka na Katsina yana cewa daga can Muhammadu Korau ya fito, wanda ya kayar da Sanau ya hau sarauta. A wajen 1806 rundunar Muhammadu Bello ta ci garin bayan malamansa sun ƙi bin jama'ar Shehu, kuma Bello ya kawo labarin a Infaƙul Maisuri. Ke nan mafi yawan abin da ke rubuce game da ƙarshen 'Yandoto ya fito ne daga alƙalamin wanda ya yi nasara, Allah ya jiƙansa. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya bi diddigin garuruwan kudancin Katsina a littafinsa na tarihin Katsina da ya fito a 1981, amma da Turanci yake, kuma don masana aka yi shi. Ina labarin Hausa da zai sa yarinya 'yar sakandare a Faskari ta ji ƙamshin tawadar makarantun 'Yandoto? Ina wanda ya zauna ya rubuta mana Birnin Kogo, ko dutsen Kwatarkwashi, yadda mai karatu zai ji kamar ƙafarsa ce ke hawa?

Ku duba littattafan da muke sakawa a WhatsApp da Wattpad. Jarumi ya dawo daga Landan, amarya za ta Dubai sayayya, gidan yana Maitama. Ba laifi ba ne, mai karatu na son mafarki. Sai dai yawancin waɗannan wuraren suna ne kawai a takarda, in ka cire Dubai ka sa Istanbul babu jimlar da za ta canza. Marubucin da bai iya bayyana kasuwar garinsu ranar cin ta ba, da ƙurarta da kukan awakinta da muryar dillalanta, ba zai iya bayyana birnin da bai taɓa takawa ba. Kuma muna da gado a wannan fanni. Abubakar Imam ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi bayan tafiyarsa Ingila a 1943, Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Tun kafin su, Dorugu, yaron da ya bi Barth zuwa Turai, ya ba da labarin tafiyarsa da Hausa aka rubuta. Rubutun wuri da tafiya ba baƙo ba ne a adabinmu, mu ne muka yi sakaci da shi.

Na san uzuri biyu da za a kawo, kuma dukansu suna da nauyi.

Na farko shi ne addini. Wasu na gudun rubuta wurin ibadar wasu, ko tsohon dutsen da kakanni suka yi wa yanka, kada a ce suna tallata shirka. Amma bayyana abu daban, bauta masa daban. Wanda ya rubuta tarihin sarakunan Kano da Larabci ya rubuta shi, cikin garin Musulunci, duk da haka ya kawo labarin Barbushe da Tsumburbura a Dala bai ɓoye ba. Ba don shi ba, da me za mu sani game da Kano ta farko? Ita kanta Habasha ai ba baƙuwa ba ce gare mu. Can Sahabbai suka yi hijirar farko a wajen shekara ta 615, suka samu mafaka wurin Najjashi, sarkin da ke mulkin Kiristoci, kuma a gabansa Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta ayoyin Suratu Maryam. Marubucin da ya san wannan zai iya bayyana Lalibela da ladabi da gaskiya, imaninsa na nan inda yake. A nan gida ma, akwai Maguzawa da Hausawa Kiristoci a ƙasashen Malumfashi da Kafur da Ƙanƙara, muna cin kasuwa ɗaya da su, amma da wuya ka gan su a labaranmu a matsayin mutane masu suna da dangi da damuwa.

Na biyu shi ne tsaro, kuma babu mai hankalin da zai ce wa matashi ya ɗauki biro ya nufi daji. Mu da muka ga abin da ya faru a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai sama da 300, ba ma buƙatar a yi mana bayanin haɗari. Amma ku lura, Lalibela ma ta ɗanɗana yaƙi. A watan Agustan 2021 mayaƙan Tigray sun kama garin, baƙi suka ɗauke ƙafa, masu otal da masu yi wa baƙi jagora suka rasa abin yi. Duniya ta ɗaga murya a kan majami'un nan take, saboda ta riga ta san su a rubuce. Ƙauyukanmu da aka tasa fa? Sun watse shiru, domin in ban da mazaunansu babu wanda ya san abin da ke cikinsu.

Rashin tsaron nan shi ne ma dalilin gaggawa. Tsofaffin da suka san sunan kowane dutse da kowace rijiya da kowace kuka, da inda ganuwa ta bi, da dalilin da ya sa ba a noma wani fili, yau da yawansu suna zaune a gidajen 'yan'uwa a Funtuwa da Malumfashi da cikin garin Ƙanƙara. Jikokinsu za su tashi ba su taɓa ganin garin ba. Duk tsohon da ya rasu a gudun hijira, ya tafi da taswirar wani gari a kansa. Wannan ziyara ba ta buƙatar biza ko kuɗin jirgi, tabarma take buƙata da haƙuri da ɗan goro.

Ga abin da nake ba mu shawara. Kowa ya zaɓi wuri ɗaya na ƙasarsu: dutse, ko kufai, ko tsohuwar makabarta, ko masallacin da ya fi kowa daɗewa. In hanya lafiya, ka je da ƙafarka, gani ya kori ji. In babu lafiya, ka nemi mutum biyu ko uku da suka rayu a wurin. Ka ce, "Baba, in mutum ya fito daga ƙofar gabas, me zai fara gani?" Ki ce, "Inna, ina kuke ɗebo ruwa da rani?" A tambayi nisa, da launin ƙasa, da itatuwan wurin, da abin da ake yi da wanda aka hana. A rarrabe abin da mai ba da labari ya gani da idonsa da abin da ya ji daga kakansa. Mutanen Lalibela suna cewa mala'iku ne ke ci gaba da sassaƙar da dare in mutane sun gaji, marubutan kirki kuma sukan kawo wannan a matsayin abin da mutanen wurin suka yi imani da shi, ba su yi musu dariya ba, ba su kuma mayar da shi tarihi ba. Haka za mu yi da namu. Sannan a nemi izini kafin a ambaci sunan kowa, kada kuma a rubuta abin da zai nuna wa ɓarayin daji hanya ko dukiyar wani.

Shafi biyu sun isa a fara. Idan mutum 20 a cikinmu suka yi haka kafin ƙarshen wata, mun tara wurare 20 na kudancin Katsina da ba a taɓa rubuta su da Hausa ba, kuma duk mai son gina labari zai samu ƙasar da zai dasa jarumansa.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.