Mota Ba Ta Cin Tudu

Duk wanda ya leƙa ɗakin kwamfuta bayan an tashi daga aji ya san gardamar da ake tafkawa a kan wasan Panzer Corps, wanda ya fito a 2011. A wasan, kai ne kwamanda a Yaƙin Duniya na Biyu, kana tura rundunoni a kan taswira. Inda kowa ke cijewa shi ne idan abokan gaba sun kafa sansani a kan tudu, kai kuma sojojinka suna cikin motoci. Wasu 'yan'uwanmu ɗalibai sun ce amfanin mota sauri ne, don haka a danna kai tsaye kafin su shirya. Mu a ƙungiyar 'yan jarida ba mu yarda da wannan ba.

Dalilinmu na farko, sojan da ke cikin mota fasinja ne. Idan aka buɗe masa wuta kafin ya sauka, ba ya iya kare kansa sosai, kuma a harbi ɗaya ana iya asarar mota da mutanen cikinta. Na biyu, wanda ke saman tudu yana hango ka tun daga nesa, ya haƙa ramuka ya fake, kai kuwa kana tafe a fili. Na uku, mota hanya take bi, kuma mai tsaron tudu ya san inda hanyar ta biyo.

Shawararmu ita ce a fara tura 'yan leƙen asiri. A sauke sojoji inda harsashi ba ya kaiwa. A bar igwa da jiragen sama su yi ta ruwan wuta har masu tsaro su raunana, sannan sojojin ƙasa su hau da ƙafa ta ɓangarori biyu. Saurin motoci kuma a yi amfani da shi wajen zagayawa ta baya, a toshe hanyar abinci da albarusai.

Masu son sauri suna da hujja: wasan yana ƙayyade yawan zagayen da za a yi, wanda ya yi nawa zai rasa nasara. Gaskiya ne. Amma wanda ya rasa rabin rundunarsa a gindin tudu, da me zai ci garin da ke gaba? Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Tarihi ma ya nuna haka. A 1944 sojojin ƙawance sun kai manyan hare-hare huɗu a Monte Kasino, wani tsauni a Italiya da ke tsare hanyar Rum, daga Janairu zuwa Mayu. Suna da motoci da tankokin yaƙi birjik, amma Jamusawa suka riƙe wurin wata huɗu. A watan Mayu, rundunar Faransa mai ɗauke da sojojin Maroko da Aljeriya ta ratsa duwatsun da ke kudu da ƙafa, alfadarai na ɗauke da kayanta. Jamusawa suka janye, sojojin Polan suka kafa tutarsu a saman tsaunin ranar 18 ga Mayu. Dubban mutane sun mutu a wurin, kuma su ba su da maɓallin sake farawa. Kada mu manta da wannan idan muna dariya a gaban allo.

Ga malamanmu da ke ganin wasan nan ɓata lokaci ne, muna da roƙo. Wanda ya taɓa shan kashi a gindin tudu ya fi saurin gane layukan tsayin ƙasa a darasin karatun taswira: inda suka matsu da juna, hawan yana da tsanani. Muna roƙon a ware mana awa ɗaya a mako, ƙarƙashin kulawar malamin labarin ƙasa ko na tarihi. Mu kuma mun yi alkawarin ba za mu taɓa linzamin kwamfuta ba sai mun gama aikin gida.