Filin Manoma: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

A makon nan za mu ɗan ajiye zancen taki da iri, mu duba wata magana wadda a kan ɗauka ta manyan gari ce, alhali kuwa ta shafi rumbun kowa. Ina nufin yarjejeniyar da ƙasa kan ƙulla da wata ƙasa, da yadda ya kamata a shirya talakawa in za a tambaye su ra'ayinsu a kanta.

Manomin Giwa Tazo da ya adana albasarsa yana jiran ta yi kuɗi, ba shi kaɗai ke yanka mata farashi ba, ba kuma dillalin Aliero ko na Jega kaɗai ba. Akwai hannun masu zama a manyan birane su sa hannu a takarda. Ga misali. Ran 7 ga Yuli 2019, a Yamai, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a yarjejeniyar ciniki ta ƙasashen Afirka, wadda manufarta a janye kuɗin fito daga kashi 90 cikin 100 na kayan da ƙasashen ke sayar wa juna. Cikin Agusta na shekarar aka rufe iyakokinmu, ba a soma buɗe su ba sai Disamba 2020. A 2023 kuma aka sāke rufe iyakar Nijar bayan juyin mulki, har zuwa Maris 2024. Mai shinkafa ya taɓa ganin kuɗi a dalilin rufewar, ɗan kasuwa mai bin hanyar Kamba kuwa ya ga ta kansa. Amma cikinsu ba wanda aka tambaya.

Bisa tsarin mulkinmu na 1999, sashe na 12, yarjejeniya ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta mai da ita doka. Ba a kiran talakawa ƙuri'ar raba gardama a kanta. Ni a ganina, yarjejeniyar da za ta juya kasuwar amfanin gona ya kamata a kawo ta gaban masu gona. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Sai dai fa ƙuri'ar da aka jefa cikin duhu ba ta da amfani, kuma muna da misalai biyu kusa da gida.

Na farko a Nijar. Ran 28 ga Satumba 1958 Janar Digol na Faransa ya tambayi ƙasashen da ke hannunsa: za ku zauna cikin tarayya da Faransa, ko kuwa za ku fita nan take? Djibo Bakary, shugaban gwamnatin Nijar kuma jagoran jam'iyyar Sawaba, ya ce a ce a'a. Hamani Diori ya ce a ce i. Gwamna Colombani, wanda aka aiko ana gab da ƙuri'ar, ya sa nauyin gwamnati duka a gefen i. Aka tashi da kimanin kashi 78 cikin 100 sun ce i, amma cikin mutum goma da aka rubuta sunansu ko huɗu ba su fito ba. Watau mafi yawan manoma sun zauna gida, aka yanke musu shawara suna tsakiyar kaka. Wanda ya kamata ya yi alkalanci shi ya shiga kokawa, ƙarshenta aka soke Sawaba a 1959, aka daɗe ana shan ɗacin abin.

Na biyu a gabashin ƙasarmu, wajen Mubi da Gwoza da Dikwa da Ganye. Wannan yanki, Kamaru ta Arewa, amana ce a hannun Ingila bisa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1946. Cikin Nuwamba 1959 aka tambaye su ko za su bi Jihar Arewa, ko a dakata tukuna. Manyan Kaduna sun ɗauka magana ta ƙare, sai ga shi mafi yawa sun ce a dakata. Ashe mutane na da kuka game da mulkin En'e, ba wanda ya saurara. Sa'an nan aka farga. Aka yi gyara ga sha'anin En'e, aka sāke rubuta sunayen masu ƙuri'a, aka sa mata ciki, a zamanin da matan Jihar Arewa ba su jefa ƙuri'a. Ma'aikata suka bi gari gari suna bayyana wa jama'a ma'anar zaɓin nan biyu, Sardauna ya yi alkawarin za a ba su lardin kansu. Cikin Fabrairu 1961 mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ran 1 ga Yuni suka shigo, aka kira yankin Lardin Sardauna. Mutanen dai su ne, abin da ya sāke shi ne an je an saurare su, an kuma yi musu bayani.

To, in Allah ya kawo ranar da za a tambaye mu, ga abin da za mu nema tun da wuri. A fassara yarjejeniyar da Hausa, da boko da ajami, a karanta ta a rediyo da dandalin kasuwa. A faɗa wa mai albasa da mai shinkafa da mai shanu abin da zai samu da abin da zai rasa, dalla dalla. A ba masu so da masu ƙi lokaci daidai wa daida, kamar yadda a ƙasar Suwizalan a kan aika wa kowane mai ƙuri'a ɗan littafi mai hujjar ɓangarorin biyu. Hakimai da dagatai su tara jama'a, amma kada su nuna musu akwati. A kai bayani har cikin gida, gama mata su ke gumin shinkafa da kiwon awaki. Tambayar ta zama gajeruwa, wadda yaro zai iya maimaitawa. Ranar kuwa a sa ta bayan an kai amfani gida.

Kafin wannan rana, kada mu naɗe hannu. Ɗan majalisar da ke wakiltar Aliero da Jega, da na Maiyama, su ne masu faɗa da bakinmu a Abuja. In sun zo gida, a gaishe su da ladabi, sa'an nan a tambaye su wace yarjejeniya ke gabansu, kuma me ta ce a kan albasa da shinkafa. Ƙungiyoyin manoma su sa wannan cikin taronsu, malaman gona su nemo takardun su karanta mana. Manomin kirki ba ya sayen iri sai ya buɗe buhu ya duba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma kiyashe mu da sa hannu a abin da ba mu sani ba. Sai mako mai zuwa.