Gwajin Aku: Sharaɗin Gajeren Labari Mai Armashi

Sau da yawa ɗalibi yakan ɗauka cewa gajeren labari dogon labari ne da aka datse. Sai ya tattaro haihuwar tauraro da aurensa da mutuwarsa ya cusa a shafi uku, sa'an nan ya rufe da wa'azi. Irin wannan rubutu taƙaitawa ce kawai, mai karatu kuwa ba ya komawa kansa.

Alhaji Abubakar Imam ya riga ya nuna hanya a Magana Jari Ce, wanda ya rubuta a Zariya a 1936, aka fara buga shi a 1937. A littafi na ɗaya, aku yana ba Musa ɗan Sarki labari ne don ya hana shi fita zuwa yaƙi, alhali Waziri ya ƙulla masa makirci. Da labari ɗaya ya yi sanyi, da Musa ya fice ya halaka. To, wannan shi ne ma'aunin da ya kamata kowane marubuci ya ɗora aikinsa a kai, wato ko labarin zai iya zaunar da wanda ya riga ya miƙe.

Abin da ke zaunar da mutum kuwa shi ne matsala guda, wadda ta matsa wa mutum guda, cikin ƙayyadadden lokaci. Alal misali, ɗalibin da ya tashi a Kwarbai ba ya bukatar kai tauraronsa Landan. Ya ishe shi ya ɗauki maɗinki da ya karɓi kuɗin aikin babbar riga ya cinye, ga shi gobe hawan Salla, mai riga kuma yana zaune a zaure yana jira. Dare ɗaya ne, mutum biyu ne, amma mutunci da amana duk suna ciki. Imam kansa ya aro labarai daga Larabawa da Indiyawa da Turawa, sai dai bai sake su ba sai da ya sa musu rigar Hausa.

Game da darasi kuwa, a bar shi cikin aikin taurari. In maɗinki ya sha kunya a gaban mai karatu, ba sai an ƙara da cewa cin amana ba kyau ba. Saboda haka kafin ɗalibi ya miƙa wa edita labarinsa, ya karanta wa abokin da ke sauri. In abokin ya zauna, labari ya yi.